Tafin Hannu a Dakalin Dogon Kanti

Kowa a garinmu ya san Dogon Kanti: tsohon bene mai ginshiƙai, tagoginsa dogaye, ƙofarsa ta ƙarfe sai ƙarti biyu ke tura ta. Malamin tarihi yakan kai mu mu gani. Ni dai sai in sunkuyar da kai, don kakana ne ya gina shi, kuma na san da me.

Kaka ɗan tebur ne a da, zare da allura yake sayarwa. Ya gaji da kallon kantunan mutane, ya tafi wajen boka. Ɗaki ba taga, bango duk busasshen jini, ga wata tukunya a kife tana numfashi.

"Kanti nake so," in ji Kaka.

Boka ya miƙo masa ruwa a gora. "A kwaɓa simintin dakali da wannan. Hannun da ya taɓa shi ɗanye, ransa na nan a ciki. Namu ne."

"Ko hannun wa?"

"Ko na wa."

Kaka ya yi murmushi, don hannun magini ya ayyana a ransa. Wallahi da ƙyar na rubuta wannan.

Shi kuwa magini da shebur ya kwaɓa, da cokalin gini ya shafe, ya tafi cin abinci. Sai ga Baffa da Gwaggo da Babana sun taso daga makaranta. Wane yaro zai ga ɗanyen siminti ya wuce? Kowa ya danna tafinsa, suna dariya.

Kanti ya cika, har bene aka ɗora. Amma tsoro ya hana Kaka sakat, ya ɗauko guduma ya fasa tafin Baffa, wai ko ya kuɓutar da shi. Ranar aka binne Baffa. Tafin Gwaggo kuwa takalman masu saye ne suka riƙa goge shi, hankalinta na bin sa, har ta daina gane mu.

Kaka da kansa ya rufe kantin, ya mutu ba ko tebur.

Yanzu rufi ya rufta, jemagu ne a bene. Kullum Babana na zaune a dakalin, ya kife kwano a kan ɗan ƙaramin tafinsa. Masu wucewa na tsokanarsa: "Maigadi, yaushe za a buɗe?"

Jiya masu gyaran tsoffin gine-gine suka zo, suka ce da fasa dakali za su fara.

Duk mai kwaɗayin bene, ya fara duban hannun 'ya'yansa.