Sai Ya Ginu a Kwamfutar Abbu

Ba don ta yi magana Mahrukh ta je taron ba. Samosa ce ta kai ta, kamar rabin mutanen da ke haɗuwa duk Asabar a benen wani gidan shayi na Gulberg, inda masu rubuta manhaja na birnin Lahore, a Pakistan, ke zama su yi wa juna kukan aiki. Sai wani dogon saurayi mai karkataccen gilashi ya miƙe yana kuranta yaren kwamfutar da ya ƙirƙira, wai shi Titar, har da cewa kowa zai iya sauke shi ya gina a kwamfutarsa, wato ya harhaɗa shi ya kama aiki, kafin shayinsa ya huce. Ita kuwa ba ta iya jin cika baki ta ƙyale.

"Na gwada yanzu," in ji ta. "Ya ƙi ginuwa."

Ya tura gilashin sama. "A tawa yana ginuwa."

"To raba mana taka ɗin, kowa ya tafi da ita gida."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya dara, kuma dariyar tasa ce ta cuce ta. Sunansa Taimur. Ya jawo kujera kusa da ita ya gyara matsalar nan take. A nan idonta ya faɗa kan wata jaka cikin aikin nasa mai suna "aro". Ta buɗe, ta kusa ƙwarewa.

Duk mai rubuta manhaja yana jingina da laburaren wasu, wato guntayen aikin da wani ya riga ya rubuta ya bayar kyauta. Mutanen kirki suna amfani da kwafin da ke kan kwamfutar, wanda kowa ke ɗiba daga gare shi. Taimur kuwa kwaso su yake yi ɗungurungum ya cusa cikin nasa aikin. Mahrukh kuma hana irin wannan shi ne abincinta, a kamfanin da ke shirya tsarin kwamfuta na makarantu. Dokarsu ɗaya ce: kwafi ɗaya ga kowa, don in an toshe ɓaraka sau ɗaya gyaran ya isa ko'ina.

"Wannan ai ɗakin tarkacen kakata ne," ta ce.

"Ɗakin kakarki ba ya rushewa don wani baƙo a wata ƙasa ya wayi gari ya canja ra'ayi."

Haka suka fara. Musu a shafin aikin a gaban duniya, musu a waya, musu a cikin adaidaita har direba ya sa baki. Ba wanda ya ja da baya, ba kuma wanda ya so a daina.

Ya rubuto mata: "Alƙaliyata, kin ci abinci, ko har yanzu kina yanke wa jakata hukunci?"

"Na ci, Sarkin Aro. Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Zuciyata fa? Kwafi ɗaya ce, kuma tana wajenki. Kin ga na bi doka."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta ji haushin kanta don a karon farko ya kayar da ita a musu.

Da maganar aurensu ta isa gida, mahaifiyarta Ammi ta dubi mahaifinta Abbu, shi kuma ya naɗe jaridarsa. Tsohon injiniyan siginar jirgin ƙasa ne, bai taɓa yarda da abin da bai gwada da hannunsa ba.

"Me yake sayarwa?"

"Ba sayarwa yake yi ba, Abbu. Kyauta ne. Wani kamfani ke biyansa ya ci gaba da shi."

"Abin da ake bayarwa kyauta, yawanci akwai dalili."

Ga kuma Khala Nusrat, ƙanwar Ammi, ta matsa da maganar ɗanta Faraz, ma'aikacin banki a Dubai, wanda ya zo hutu zai koma bayan Babbar Sallah. Abin haushin, Faraz ba mugu ba ne. Yaro ne mai ladabi wanda ba a samun abin zargi a kansa, kuma Mahrukh ba ta jin komai in ya shigo ɗaki.

Abbu ya yanke magana. "Ya zo ya gina abin nasa a kwamfutata, a gabana. In aikinsa zai tsaya da ƙafarsa a gidan wani, sai mu zauna. In bai tsaya ba har lokacin komawar Faraz, zan ba Nusrat amsar da take so."

Kwamfutar Abbu kuwa ta girmi wasu 'yan taron Asabar. Tana zaune a kusurwar falo ƙarƙashin mayafin da Ammi ta saƙa mata, in an kunna ta tana nishi kamar injin markaɗe.

A nan Mahrukh ta yi wayon da ya fi ƙarfinta. Ta daɗe tana aiki a ɓoye, tana cire wa Titar kayan aron nan ɗaya bayan ɗaya tana haɗa shi da na kowa, har ya ginu a laftof ɗinta lafiya lau. Wannan kwafin ta sa a kwamfutar Abbu, ba ta gaya wa Taimur ba. So take ya gani da idonsa, a ranar farin cikinsu, cewa yarensa da dokarta za su iya zama gida ɗaya.

Ya iso ranar Lahadi da hantsi da kwalin kayan zaƙi, ya tarar Khala da Faraz sun biyo, wai hanya ce ta kawo su. Ya gaishe da kowa, ya zauna, ya buga umarnin. Rubutu ya riƙa gudu a allo, fari, fari, fari, sai ja, alamar kuskure. Komai ya tsaya.

Ya sake. Ja.

"Ka gwada kashewa ka kunna?" in ji Faraz, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa.

Taimur ya buɗe jakar aro, ya tarar da ita wayam. Ya juyo ya dubi Mahrukh. Abbu ya mayar wa kwamfutar mayafinta ya ce a kawo shayi.

A bakin ƙofa ta tare shi.

"Ke kika cire su."

"Amma a tawa ya ginu, Taimur, na rantse a tawa…" Sai ta ji maganarsa ta ranar farko ce ke fita daga bakinta.

"A gaban mahaifinki, Mahrukh. Kin fi son ki ci musu a kan ki same ni."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don ta san ba gaskiya ba ce, ta kuma san duk wanda ya ga abin da ya faru haka zai ce.

Kwanaki suka wuce ba saƙo. Ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta yi abin da ta iya: ta jera kwafinsa da na asali tana gwada su layi da layi. A laburaren lissafi ta gano 'yan layuka da suka bambanta, da ɗan rubutu a samansu: "don tsofaffin kwamfutoci". Faci ne ya yi tun yana ɗalibi, lokacin da shi ma tsohuwar kwamfuta yake ja. Bai taɓa aika wa mai laburaren ba.

Ta rubuta masa: "Ka yi gaskiya, kwafinka ya fi na mai shi. Ni ma na yi gaskiya. Ka yi faci ka ɓoye a ɗaki, yaran makarantu masu irin kwamfutar Abbu ba su samu ba. Ban yi don in kunyata ka ba. Na yi kuskure da ban gaya maka ba. Ka yafe mini."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. "Wallahi na manta da facin nan. Yanzu na aika wa mai shi. Ke ma ki yafe mini, Alƙaliyata, na faɗi abin da ni kaina ban yarda da shi ba. Abinci ma ba ya shiga."

Da a nan matsalar ta ƙare, da an huta. Amma mai laburaren wani dattijo ne a Finland, Veikko, shi kaɗai ke riƙe da shi, kuma ba a taɓa masa ko layi sai ya sa hannu. Amsar da ta dawo ta na'ura ce: "Na tafi bukkata ta bakin tafki. Babu intanet. Zan duba in na dawo."

"Yaushe zai dawo?" ta tambaya a waya.

"Bai faɗa ba."

"Wane irin mutum ne zai bar duniya ta dogara da shi ya tafi kamun kifi?"

"Irin mutumin da ya sa nake ajiye kwafina."

"Kada ka fara, Taimur."

Sallah ta zo, aka yanka awaki, aka raba nama. Khala ta fara zuwa da samfurin yadi tana ɗora wa Mahrukh a kafaɗa, wai tana duba kalar da ke karɓar ta. Ita kuwa ko cikin wankin hanji sai ta goge hannu ta leƙa shafin laburaren. Shiru.

Ana gobe ranar ƙarshe da Abbu ya sa, bayan la'asar, ta zauna a matakalar bene ta rubuta abin da ba ta taɓa zaton hannunta zai rubuta ba: "Gobe ka zo da jakarka a filashi. Zai ginu. Abbu ba zai san bambanci ba. Na fi son ka a kan doka." Ta aika, ta ji kamar ta sayar da wani abu nata.

Ya amsa: "Allah ya kai mu."

Washegari falon ya sake cika. Taimur ya zauna gaban kwamfutar, ya ciro filashin, ɗan ma'ajin da ake sokawa a kwamfuta, daga aljihu. Mahrukh ta sunkuyar da kai tana jiran ƙarar sokawa. Sai ta ji an ajiye shi a kan tebur.

"Ankul, in na soka wannan zai ginu yanzu. Amma da kwafina na ɗaki ne. Gyaran na gaskiya yana hannun mai laburaren, bai amsa ba tukuna."

Mahrukh ta ɗago kai. Da ba don idon mutane ba, da ta jefe shi da faranti.

Abbu ya ɗauki filashin yana juya shi. "In ka soka, kwamfuta nawa za ta amfana?"

"Wannan kaɗai."

"In tsohon ya karɓa fa?"

"Duk mai irin taku, Ankul. Har da na makarantu."

"Kuma ka san sharaɗina yau ne ƙarshensa."

"Na sani." Ya dubi Mahrukh. "Ita ce ba na so ta fara zama da ni a kan abin da ta san rufa-rufa ne."

Khala ta gyara zama, ta dubi Abbu, wanda take kira Bhai sahib, wato babban yaya. "Bhai sahib, jirgin Faraz fa jibi ne."

"Allah ya sauke shi lafiya, Nusrat," in ji Abbu.

Khala ta tashi ta nemi takalmanta. Faraz ya miƙa wa Taimur hannu suka gaisa, kuma in ba ido ne ya yi wa Mahrukh gizo ba, ajiyar zuciya ya yi. Abbu ya mayar da filashin hannun mai shi.

"Ban ce na ba ka ba, ɗana. Na ce za mu jira."

Kuma an jira. Veikko ya dawo daga tafki ya rubuto: "Faci mai kyau. A raba shi biyu." Aka raba. "A ƙara gwaji." Aka ƙara. "Me ya sa aka raba shi biyu?" Ranar Mahrukh ta rufe laftof ta fita ta zagaya unguwa a ƙafa. Abbu kuwa kullum da safe, kafin ya taɓa gurasarsa ta paratha, sai ya tambaya ko tsohon nan ya amsa. Ammi har ta fara sa shi cikin addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kuma raba shi da kifi.

Daga ƙarshe Veikko ya ce ba shi da tsohuwar kwamfutar da zai gwada a kai, ko akwai mai ita. Abbu da kansa ya yaye mayafin, ya buga umarnin da yatsa ɗaya, Mahrukh na karanta masa. Suka aika sakamako. Bayan kwana biyu amsa ta zo a gajarce: "An karɓa. Na gode."

Mahrukh ta shigar da sabon kwafin cikin tsarin makarantu da hannunta. Ranar Lahadi Taimur ya sake zama a kusurwar falon, jakar aro wayam. Kwamfutar ta yi nishi, rubutu ya yi ta gudu, shayi ya huce aka sake ɗumama shi. Mahrukh ta riƙe gefen mayafin Ammi kamar ƙaramar yarinya. Can rubutun ya tsaya, kuma babu ja ko ɗigo.

Abbu ya matso da fuskarsa ya karanta layin ƙarshe da kansa. Ya cire gilashi ya juya wajen Ammi.

"Kira mahaifiyarsa."

Da sanyi ya shigo aka ɗaura auren. An yi lalle, an ci biryani har an bar saura, 'yan taron Asabar sun zo sun cinye samosa kafin dangin ango su iso. Da lokacin rakiya ya yi, Mahrukh ta fashe da kuka a ƙirjin mahaifinta. Abbu ya kamo hannunta ya sa cikin na Taimur, ya daɗe bai saki ba.

"Ranar nan da ka soka abin nan, da na cika alkawari na ba ka ita, hankalina ba a kwance ba," ya ce a hankali. "Yau na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin juna, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Abbu," in ji Taimur. Karon farko ke nan da ya kira shi haka, kuma tsohon ya juya baya da sauri yana neman hankicinsa.