Hannun da Bai Rama Ba

Jini Khaulat ta fara gani kafin ta ga fuskarsa.

Tana durƙushe bakin marmaron garinsu da la'asar tana wanke ƙoren wanka, sai ta ji kalangu da ihu suna gangarowa daga filin dambe. Wani saurayi ne a gaba, girarsa a tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, ga shi ya saɓo wani ƙato a kafaɗa.

Ruwan marmaron nan da ɗuminsa yake fitowa, yana da ɗanɗanon kanwa. Masu sanyin ƙashi da masu ƙuraje kan zo daga Ɗanbatta da Makoda su yi wanka, kuma gidan su Khaulat ne ke kula da shi. Amma 'yan dambe suna da tasu al'adar: wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa, shi zai kawo shi nan ya wanke masa fuska da hannunsa. Duk wanda ya tsallake dutsen da ke bakin ruwan kuwa, ba a ɗaga masa hannu, ko me ya aikata.

"'Yammata, ara mini ƙwarya."

Ta miƙa masa ba ta ɗago ba. Ya zaunar da ƙaton, ya riƙa shafa masa ruwa a hankali kamar mai wanke jariri. Ya manta da tasa girar.

"Kai ma kana zubar da jini," ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Ashe kina magana?" Ya yi dariya. "Sunana Sabiru. Tunda kin lura, sai ki ba ni magani."

Ta ɗebo ruwa ta ajiye a gabansa, ta ja mayafi ta gudu gida. Inna Hure, mahaifiyarta, ta dube ta ta ce, "Ke kuma ina ƙwaryar?"

Ƙwaryar ba ta dawo ba sai da lambar wayar Sabiru a bakin mai kawo ta.

Sabiru manomi ne, yana da fadamar albasa kusa da dam ɗin Watari. Dambe kuwa sai da kaka, in an gama girbi. Kullum da hantsi saƙonsa ke shigowa.

"'Yar ƙwarya, girata ta warke, amma wani ciwon ya kama ni a ƙirji. Ruwanku yana maganinsa?"

Sai ta daɗe tana rubutawa tana gogewa kafin ta tura: "Mai gira, ruwanmu ba ya maganin ƙarya."

Da manyan Sabiru suka zo, Malam Zubair, mahaifin Khaulat, ya rufe littafin da yake koyarwa, ya saurare su har suka gama.

"Na san yaron," in ji shi. "Na ga haƙoran mutane a ƙasa bayan ya wuce. Hannun da ya saba fasa fuska, ran da ransa ya ɓaci a gida, ina zai sauke shi? Ban ba shi ba."

Washegari Sabiru ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure, ya ajiye igiyar da yake naɗe hannu da ita a gaban Malam.

"Baba, daga yau na bar dambe. Hannuna ba zai ƙara taɓa fuskar kowa ba."

"Faɗa da baki ba wuya," Malam ya ce. "Mu ga kaka ta zagayo."

Kafin kaka ta zagayo Kamaruddeen ya dawo. Ɗan Alhaji Abdulkabir ne mai sayen gyaɗa, ya yi shekaru a ƙasar Cek ta Turai yana aiki a otal. Ya zo gaida Malam da turare da labari.

"Malam, garin da na zauna ruwa ne arzikinsu. Daga ƙasa yake fitowa da tururi. An yi masa rumfuna masu ginshiƙai, tsofaffi suna zagayawa da 'yan kofuna masu baki kamar na buta suna kurɓa. Ranar biki mata su sa rigunansu na gargajiya, a yi kiɗa da rawa, baƙi na ɗaukar hoto. Wallahi namu ya fi nasu, gyara ne babu."

Malam ya ji daɗi. Kamaruddeen ya zagaye marmaron da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ba Inna Hure makulli ɗaya saboda wankan mata da safe. Ya fara kawo baƙi daga Kano a bas, su ga dam, su sayi tabarmi da fura, su yi wanka. Da ya ga Khaulat tana zuba musu ruwa, sai ya turo nasa manyan. Malam bai amsa ba, bai kuma hana ba.

Da kaka ta kama, aka manna takardun babban wasa a kasuwa. Wata ƙawar Khaulat ta nuna mata ɗaya a waya: hoton Sabiru ne, hannu a naɗe, ido a waje.

Ta rubuta masa: "Ashe alkawarin da ka yi wa Baba na baki ne. Kada ka sake kirana. Na gode da abin da ya wuce."

Amsarsa ta shigo nan take: "Sanyin idona, tsohon hoto ne, ba a tambaye ni ba. Ki zo ranar ki ga inda zan tsaya."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kukanta.

Ranar wasa ta bi Inna da sauran mata ta tsaya a bayan taro. Can ta hango Sabiru cikin 'yan kallo, da farar riga, hannuwansa a aljihu. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Kamaruddeen, wanda ya shirya wasan domin baƙinsa, ya ɗauko wani ɗan dambe daga nesa, Sabo, mai wuya kamar turmi. Ya kuma ja shi gefe ya ce masa baƙi sun yi tafiya mai nisa, kada wasa ya ƙare da wuri. Aka haɗa Sabo da Mika'ilu, wanda Sabiru ya taɓa saɓowa zuwa marmaro.

Naushin farko ya fasa wa Mika'ilu hanci. Na biyu ya kai shi ƙasa. A dambe, da gwiwa ta taɓa ƙasa an gama. Amma Sabo ya sunkuya ya ci gaba da kirɓarsa a kwance, har jini ya fantsama a rigar mai kalangu. Kalangu ya yi shiru.

"Ya daki na ƙasa!"

Filin ya hargitse. Samari suka zari sandunan rumfa, wasu suka ɗebi duwatsu. Aka farfasa gilashin bas, baƙi na ihu suna faɗawa kan juna. Wani ya sauke wa Sabo gora a ƙeya, ya faɗi, aka rufe shi da duka. Kamaruddeen ya zubar da lasifikarsa ya shige ƙarƙashin mota.

Khaulat ta ga farar riga ta kutsa tsakiya. Sabiru ya kwanta a kan Sabo ya rufe shi da jikinsa. Sanduna suka sauka a bayansa. Wani ya tsaga masa tsohuwar girar da dutse.

"Sabiru, matsa ko mu haɗa da kai!"

"Ku haɗa!"

Ta ga ya dunƙule hannu, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Naushi ɗaya ya isa ya buɗa masa hanya, kowa ya sani. Sai ya buɗe hannun, ya cicciɓi Sabo ya saɓa a kafaɗa, ya nufi marmaro da gudu, taron na biye da shi.

A lokacin ta tuna. Tun safe Kamaruddeen ya kulle ƙofar, wai kada mutanen gari su gurɓata ruwa kafin baƙi su shiga.

Khaulat, wadda ko a gida ba a jin muryarta, ta fizge makullin daga bakin zanin Inna ta yanke ta cikin karan dawa. Ta iso ta tarar Sabiru ya jingina Sabo da ƙofar, ya juya ya kare shi, ana dukansa a haƙarƙari, bakinsa duk jini.

"Ku ba ni hanya!"

Mamaki ya sa suka dare. Wata sanda da aka riga aka ɗaga ta same ta a damtse, amma ba ta saki makullin ba. Ƙofar ta buɗe. Sabiru ya ja Sabo ya tsallake dutsen, ya zube.

Sandunan suka tsaya a sama. Ba wanda ya taka dutsen da makami.

Malam Zubair ya iso yana haki, ya ratsa taron. Ya ga Sabiru a durƙushe, ido ɗaya a rufe, yana laluben ƙwarya. Khaulat ta miƙa masa. Ya fara wanke fuskar Sabo.

Malam ya kama hannun Sabiru na dama ya jujjuya shi. Babu ƙwarzane ko ɗaya a bayansa.

"Me ya sa ba ka rama ba?"

"Baba, ai na ajiye a gabanka."

Malam ya karɓi ƙwaryar, ya tattare hannun rigarsa, ya wanke fuskar Sabiru da kansa.

Mika'ilu ya warke, sai dai hancin ya karkace. Kamaruddeen ya je har gida ya ba shi haƙuri, ya kuma cire ƙofar ƙarfen da hannunsa. Baƙi sun ci gaba da zuwa, amma yanzu sai an gaya musu al'adar dutsen kafin su sauko daga mota.

Bayan an cire albasa aka ɗaura auren. Da safen ranar saƙo ya shigo wayarta: "'Yar ƙwarya, yau ma girata a tsage zan zo. Za ki karɓe ni haka?"

"Mai gira, ai haka na fara ganinka. Ka yafe mini saƙon nan."

"Wane saƙo? Ni na makulli kawai na gani."

Da za a kai ta, Malam ya dafa kanta ya ce, "Na ba da ke ga hannun da na gwada. Allah Ya sa albarka, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya mai sanyin hannu."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. A saman kayan amarya, Inna Hure ta ɗora ƙwaryar nan.