Ɗiyar Marini

Unguwar Marina ta Tambuwal ta watse ne tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, a shekarar da sanƙarau ya bi ta gida-gida. Daga baya aka cike rijiyoyin rini, aka gina shaguna a kansu. A shekarar sanƙarau ɗin ce wani marini ya danƙa ƙaramar ɗiyarsa, Mardiya, ga Fulani masu wucewa garin Fakku, ya ce zai zo ya ɗauke ta idan cutar ta lafa. Bai zo ba. Har ta haura tasa'in ba ta bar tambayar ko yasar da ita ya yi ba.

Ranar da aka binne ta, ɗanta Malam Almu ya ratso unguwar bayan sallar isha'i, sai warin baban rini ya buge shi, a inda ba a yi rini ba tun kafin a haife shi. Wani matashi na tsugune bakin shago. Hannayensa shuɗaye ne har gwiwa, suna ɗiga, amma ƙasar ba ta jiƙa.

"Malam, hanyar Fakku nika nema. Duk lungun da na bi, nan shika maido ni."

"Wa gare ka can, samari?"

"Ɗiyata Mardiya. Tsoron shanu gare ta. Na ce mata ba ni daɗewa."

Almu ya dafa bango.

"Kaka," ya ce a hankali, "yau da hantsi muka kai ta makwancinta. Har jiya tana tambayarka."