Uban Dinya

"Ka ce mata a'a mana, Baban Na-rae! Uwarka ce, kai za ta ji!"

"Masoyiya, rage murya... bangon nan bai fi takarda kauri ba."

Gaskiya ya faɗa. Ni ce a bayan bangon, ina cire kawunan busasshen kifi, kuma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Sae-rom da mijinta Du-ho maƙwabtana ne a hawa na huɗu, a benenmu mai kallon tashar jiragen ruwa ta Busan. Uwarsa, Madam Bang, tana can hawa na ƙasa, amma umarninta ya fi kowa iya hawa matakala. Ta yanke cewa da sanyi ya wuce, Sae-rom za ta ɗauki 'yarsu Na-rae su tafi Kanada, yarinya ta sha Turanci tun bakinta na ɗanye. Du-ho zai zauna ya yi ta aiki yana aika musu. Irin wannan namiji uban dinya muke ce masa, don sai shekara ta zagayo yake tashi sama ya je ya ga iyalinsa.

"'Yan shekaru ne kawai, zuciyata," in ji Du-ho.

"Haka aka ce wa babana..."

Washegari na shiga aron gishiri, alhali buhuna cike yake. Dinyoyin katako biyu na ranar aurensu, alamar zaman lafiyar ma'aurata a wajenmu, suna kan kantar falo, amma maimakon baki da baki, an juya su wutsiya da wutsiya. Na ce lallai abin ya kai.

Labarin babanta, ban da mijinta, ni kaɗai ta ba, lokacin da ta haihu ina kai mata miyar ganyen teku. Tana ƙarama aka tura ta ƙasar waje ita da uwarta. Kullum uban ya bugo waya, tambayarsa ɗaya ce: "Kin ci abinci?" Da tafiya ta yi nisa, kalmomin girmamawa na yarenmu suka zube mata daga baki, ta ji kunyar yi masa magana kamar sa'anta, sai ta koma amsa masa da Turanci. Shi kuma bai iya ba. Sai dai ya ce, "To... to... madalla."

Mai kawo madara ce ta lura kwalaye sun taru a ƙofarsa ba a ɗauka ba. Da aka fasa ƙofar, ya daɗe da rasuwa, shi kaɗai, kwanon shinkafarsa a gabansa.

Tun daga ranar Sae-rom ba ta sake furta Turanci ba. Madam Bang dai ta san uban ya rasu da ciwon zuciya, iyakar saninta ke nan.

Ranar haɗa kimci, kabejin nan mai yaji da muke tanada don sanyi, duk matan bene muka taru a tsakar gida, kowa da safar roba har gwiwar hannu. Sae-rom da 'yarta kwana biyu suna ƙasa wajen surukarta, ana jiƙa kabeji da gishiri. Du-ho kuwa aikin dare yake a wajen ƙera jiragen ruwa, da safe ya dawo ya kwanta.

"Jikana yaren Sin yake koya yanzu," in ji uwar mai kantin magani, tana cusa barkono cikin kabeji. "An ce nan kasuwa ta koma."

"Wanda ko gaisuwa bai iya da namu ba?" na ce.

"Ke dai tsohuwa, bakinki ya fi barkonon nan!"

"'Yar ƙanwata Faransanci ta yi, ta ƙara da Sifaniyanci," wata ta ce. "Ga ta can tana sayar da takalma."

"Ni abin da ke ba ni dariya," na ce, "muna korar 'ya'yanmu su koyo na Turawa, su kuma Turawan sun cika gari suna koyon namu saboda mawaƙan nan masu jan baki. A sama za su riƙa yin kiciɓis!"

Aka kwashe da dariya, ban da Madam Bang.

"Ku yi ta wasa. Turanci shi ne uwa, sauran duk 'yan rakiya ne. Na-rae ba za ta tsaya tana in-ina a gaban kowa ba. Ko ba haka ba, Maman Na-rae?"

"Haka ne, Mama," Sae-rom ta ce, kanta a ƙasa.

"Kira mijinki ya sauko ya ɗauki robobin nan. Rana ta yi tsaka."

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake. Ta sake. Na ga fuskarta ta yi fari fat kamar gindin kabejin.

"Barci ne," na ce.

"Ba ya ƙin ɗauka, Iya... ko yana wanka yana ɗauka..."

Ta miƙe ta nufi matakala. Na bi ta, gwiwoyina na ƙara, don ban taɓa bari abu ya faru ba na wurin ba. Ina hawa na uku na ji ta yi wani irin sauti, ba kuka ba, ba ihu ba.

A jakar da ke rataye a ƙofarsu, kwalin madara biyu ne. Na jiya da na yau.

"Baban Na-rae!" Ta hau dukan ƙofa. "Du-ho! Buɗe! Don Allah buɗe!"

Shiru.

Ta danna lambobin makulli, yatsunta na zamewa saboda barkono. Kuskure. Ta sake, kuskure. Makullin ya yi kuka ya ƙi karɓar komai. Duk ƙofar ta yi ja da sawun hannunta, wanda bai sani ba sai ya ce yanka aka yi. Na kara kunne a jikin ƙofar, wannan kunne nawa da ke jin faɗuwar cokali a gidan mutane, ban ji ko numfashi ba.

"Masoyina, kar ka yi min haka... ban tafi ba tukuna! Ban tafi ba!"

Ta durƙushe tana kiran "Baba, Baba!" da Turanci, da muryar ƙaramar yarinya.

Madam Bang ta iso tana haki, sauran mata a bayanta.

"Mene ne? Ina ɗana? Me ya sami ɗana?"

"Madara, Mama..." Sae-rom ta nuna. "Haka aka sami babana. Madara ce ta faɗa wa mutane. Muna can muna koyon Turanci, shi yana nan yana ruɓewa, ba wanda ya sani!"

Madam Bang ta kalli kwalayen, ta kalli ƙofar, sai ta hau dukanta da hannu biyu.

"Du-ho! Ɗana! Uwarka ce! Ku kira masu fasa ƙofa! Du-ho!"

Sai ga ƙarar makulli daga ciki.

Ya leƙo da gajeren wando, gashi a tsaye, idanu a kumbure, abin sauraro toshe a kunnuwansa biyu. Ya ga mata goma sha da jajayen hannuwa, ya ja da baya.

"Wa... wa ya mutu?"

"Kai, ɗan banza!" Uwarsa ta daka masa duka a kafaɗa, tana kuka. "Madarar fa?"

"Wace madara?"

Bawan Allah bai taɓa sanin ba da ƙafarta madara ke shiga firij ba.

Sae-rom ta ƙanƙame shi. Ta cire abin kunnen, sai muka ji wata Baturiya tana magana a ciki a hankali, tana maimaitawa.

"Mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Darasi ne... ina ji har barci ya kwashe ni. Na ce in Na-rae ta manta da namu, kar ta bugo waya in tsaya ina 'to, to' kamar... Na iya jimla ɗaya ma."

Ya faɗe ta, harshensa na tuntuɓe. Ni dai ban gane ba. Sae-rom ta toshe baki.

"Me ya ce?" Madam Bang ta tambaya.

"Ya ce... 'Kin ci abinci, 'yata?'"

Madam Bang ta ratsa su ta shige ciki ko takalmi ba ta cire ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta tsaya gaban kantar falo. Da safarta mai barkono ta kama dinyoyin nan ta juya su baki da baki.

"Wannan Turancin na ɗana abin kunya ne," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Maman Na-rae, ga malama a gida, me za mu je nema a cikin ƙanƙarar Kanada? Ki gyara masa bakinsa. Ita ma yarinyar ki koya mata, a kan teburin nan, inda zan riƙa ganinku ku uku."

"Mama..."

"Kar ki yi min kuka, kabeji na jira!"

Amma ita ce ta fita tana share ido da gwiwar hannu.

Sae-rom ta ɗaga kai ta dubi mijinta, ta buɗe baki a hankali, ta amsa masa da Turanci. Daga baya na matsa mata sai da ta faɗa min. Wai cewa ta yi ba ta ci ba, shi take jira.

Jan barkonon yana nan a wuyan dinyoyin har yau, Sae-rom ta hana a goge. Madam Bang kuwa, da ciwon gwiwarta, kullum da sassafe sai ta hau har hawa na huɗu, wai motsa jiki. Ina jin ta daga bayan ƙofata. Jakar madara take shafawa, in ta ji wayam, ta sauka.