Hannun Da Ya Riƙe Koren Biro

Idan maki na gaskiya ne, amma hannun da ya rubuta shi ba shi doka ta sani ba, an cuci wani ko ba a cuta ba? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban samu inda zan ajiye ta ba.

Da ƙarfe tara na safiyar Laraba aka kai rahoto caji ofis cewa an sace akwatin takardun jarrabawa a kwalejin haɗa magunguna. Kwalejin ba ta da digiri nata na kanta. Wata jami'a ce a ƙetare ta ba ta izinin koyar da kwas ɗinta, kuma duk bayan shekara uku takan turo mai duba inganci ya ga ko ana bin ƙa'ida. Bana wata Farfesa ce ta zo, washegari da yamma jirginta zai tashi.

Insifekta ya isa tare da Sajan. Ɗakin ajiyar ba shi da taga, kwaɗon ƙofa kuma lafiyarsa ƙalau. A kan kanta akwai gurbin akwati ɗaya. A kan tebur ga sabuwar kwamfuta, ba wanda ya taɓa ta.

"Yallaɓai, ɓarawon nan ɗan boko ne," in ji Sajan. "Ya bar kwamfuta ya ɗauki karatu."

Insifekta bai yi dariya ba. Ya juya ga Shugaban kwalejin. "Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya wurin Magatakarda. Takardun 'yan ajin ƙarshe ne, su talatin da shida."

Farfesa tana ɗakin taro da fayiloli a gabanta. Ta yi bayani a taƙaice. Kowace takarda malami biyu ke dubawa. Na farko da jan biro, na biyu da kore, kuma na biyun dole ya zama wanda jami'a ta tantance, ya rubuta da hannunsa.

"Idan takardu suka ɓata fa?" in ji Insifekta.

"Ɗalibai su sake jarrabawa."

"Idan kuma aka samu wani daban ne ya riƙe koren biron?"

"A soke sakamako, a janye izinin kwas ɗin gaba ɗaya." Ta zaro wata tsohuwar takarda. "Na zo da samfurin rubutunsa na shekarun baya don in gwada. Na faɗi haka a wasiƙar da na aiko ofishin Magatakarda."

Magatakarda mace ce mai kimanin shekara hamsin, mai magana a hankali. Ta ce makullinta bai bar jakarta ba. Ta ce ita aikinta rajista ne, ba ta taɓa buɗe takardar ɗalibi ba.

"Wane ne mai koren biro?"

"Yayana ne. Ɗalibai na ce masa Malam Kore. Ƙafa ke damunsa, shi ya sa bana a gida yake dubawa. Ni nake kai masa akwatin a rufe, in dawo da shi a rufe."

Tana maganar tana ɓoye hannun damanta ƙarƙashin fayil. Insifekta ya riga ya ga koren tabo a gefen ɗan yatsanta na tsakiya, daidai inda biro ke kwanciya.

Da azahar ya hau bene zuwa gidan Malam Kore. Dattijon da kansa ya buɗe ƙofa, dogo, sanye da tabarau mai kauri. Akwai 'yar matakala tsakanin ƙofa da falo. Insifekta ya kama hannunsa don ya taimaka masa.

"Bar shi, ɗana. Shekara ashirin ina cikin gidan nan, na san hanyata."

Ya san ta kuwa. Ya wuce kujera, ya kauce wa fanka, bai taɓa komai ba. Sai da ya zo gindin teburin karatu ƙafarsa ta bugi wani abu da aka lulluɓe da zanen tebur. Ya tsaya cak, kamar wanda aka canja wa ɗaki. A ƙwaurinsa akwai wani sabon rauni, daidai wurin.

Insifekta ya zaro takarda daga aljihu. "Malam, duba mini, wannan rubutunka ne?"

Dattijon ya gyara tabarau, ya kai takardar kusa da fuska, ya daɗe. "Nawa ne."

Fom ɗin ɗaukar bayani ne na 'yan sanda, ba a rubuta komai a kai ba.

"Tun yaushe, Malam?"

Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Wata takwas. Hasken taga kawai nake gani."

Insifekta ya yaye zanen. Akwatin ne, da tambarin kwaleji a jikinsa. Dattijon ya sunkuya ya shafa murfin da tafinsa.

"Ashe wannan ne nake ta karo da shi tun jiya. Ta ce mini littattafai ne."

Aka tura Sajan ya zo da Magatakarda, Farfesa ta biyo su. Da Magatakarda ta ga akwatin a buɗe, sai ta zauna a bakin kujera.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Jiya da rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci."

"Don me?"

"Yallaɓai, ka ji ƙa'idar. In an sace, yara su sake zama. In an ga rubutuna, shekara huɗunsu ta tafi a banza. Na zaɓi mai sauƙin."

"Me ya hana ku faɗa wa jami'a tun farko?"

"Ni na hana," in ji Malam Kore. "Tantance wani sabo sai ya ci shekara. Kuma ban so a ce na ƙare ba. Gaskiyar ke nan, ta biyun ta fi nauyi."

"Yaya, ka yi shiru."

"Na yi shirun wata takwas, Auta, ga inda ya kai ki."

Magatakarda ta dubi Farfesa. "Ban ƙara maki ko ɗaya ba, ban rage ba. Ina karanta masa kalma bayan kalma, har kuskuren rubutu, shi ya faɗi maki, ni in rubuta. Ki duba lamba goma sha bakwai."

Farfesa ta zaro takardar. A sama, da kore, an rubuta talatin da takwas. Faɗuwa.

"Ba a sa suna a takardu," in ji Magatakarda, "amma uwa ta san rubutun 'yarta. Ta rubuta adadin maganin babba a inda ake tambayar na jariri. Na karanta masa yadda ta rubuta. Ya ce wannan kisa ne, a kayar da mai ita. Na rubuta."

Dattijon ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "Ba ki faɗa mini ba."

"Da na faɗa, da ka canja?"

"A'a."

"To shi ya sa."

Farfesa ta daɗe tana kallon takardar. Daga baya ta ce za ta ɗaga tafiyarta, ta duba duka talatin da shida da kanta, amma sai mai makin ya zo kwaleji ya kare kowane ɗaya da bakinsa, a gaban Shugaba, a rubuta cewa ba ya gani. Idan makin ya tsaya, ɗaliban bana sun tsira. Batun izinin kwas kuwa, ta ce ba ta ɗauki alkawari ba.

Sajan ya ɗauki akwatin. Insifekta ya ce wa Magatakarda dole ta bi su caji ofis, akwai ƙarar sata a rubuce. Ba ta musa ba. Ta gyara mayafinta, ta tsaya a gaban yayanta.

"Maganinka na kan firji, Yaya. Fari ɗaya bayan abinci."

Takunta ya yi ƙasa a kan bene har ya ɓace. Malam Kore ya lalubi aljihun rigarsa, ya fito da koren biro, ya ajiye a kan tebur. Ya taka zuwa bakin matakala, ya tsaya, sannan ya miƙa hannu cikin iska.

"Insifekta, riƙe ni. Ka kai ni kwalejin."