Shatin Yatsun Inna

"Wallahi Inna ban taɓa dukansa ba!" Maman Bobo ta faɗa tana durƙushe a tsakar falo, hawaye shaɓe-shaɓe.

Surukarta ta yaye rigar Bobo, yaron da bai daɗe da fara rarrafe ba. Jini ya kwanta a cinyarsa da gadon bayansa, baƙi-baƙi, wani tabon sabo, wani ya fara washewa.

"To aljanu ne suka jibge shi? Ke kaɗai ke yini da shi a gidan nan!"

Maman Bobo ta juya ga mijinta, telan nan mai sanyin hali da tun suna saurayi da budurwa bai taɓa ɗaga mata murya ba. Yau ya kasa haɗa ido da ita.

"Baban Bobo, har da kai?"

"Bebi, ni ina shago... ban san me zan ce ba."

Wannan amsa ta fi mari zafi. Inna ta saɓi jikanta, ta ce da ɗanta, "Na tafi da shi. Kai kuma ka sallame ta, ko ka nemi wata uwar!"

Bai sallame ta ba, bai kuma wanke ta ba. Gidan ya koma kamar gidan makoki. Nono ya cika mata ƙirji har yana jiƙa riga, ta rungumi 'yar hular Bobo ta yi ta kuka. Wani lokacin har kanta take tuhuma: ko dai a cikin barci take danne shi? Shi kuwa gogan naka a shago sai ɓata yadin mutane yake.

Wata rana da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Inna ce.

"Ku zo! Ya bugi bakinsa da tebur, jinin ya ƙi tsayawa! Na sa auduga, na sa ƙanƙara, ku zo!"

A asibiti suka same su. Ciwon bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma tawul ya rine jawur, yaron ya yi fari fat, ko kukan kirki ba ya iyawa. Nas ta cire masa riga, sai ga shatin yatsu ɗanye shar a ƙarƙashin hammatarsa.

"Wa ke ɗaukarsa kwanakin nan?" nas ɗin ta tambaya.

Inna ta dubi hannayenta.

Bayan gwaji likita ta zaunar da su. "Sunan ciwon himofiliya. Jininsa ba ya daskarewa kamar na kowa, riƙo mai ƙarfi ma kan bar masa tabo. Mun yi masa allurar sinadarin da jininsa ya rasa, kuma ya tsaya. Gado ne, galibi ta wajen uwa yake bi, amma babu mai laifi."

"Ashe dai ni ce!" Maman Bobo ta sulale ƙasa. "Baban Bobo, sake ni kawai ka huta."

Ya durƙusa gabanta yana kuka wiwi. "Jinin da aka halicce ki da shi ba laifi ba ne. Laifin nawa ne da na yi shakkarki. Bebi, ki yafe mini."

Inna ta matso da ja da gindi. "'Yar nan, in duka ne to nima na dake shi. Na zalunce ki, ki yafe mini don Allah."

Likitar ta haɗa su da ƙungiyar iyayen yara masu wannan lalura. Can Maman Bobo ta ga samari garau da suka girma da lalurar, ta koyi gane kumburin gaɓa tun da wuri, ta karɓi lambar nas da za ta kira in ta ɓaci. Baban Bobo ya bi wandunan ɗansa yana ɗinka soso a gwiwa. Inna kuwa ba ta fashin taro, ta fi kowa tambaya.

Haƙurin Maman Bobo ya dawo mata da ɗanta da mijinta. Duk wanda ya ga tabo a jikin yaro, ya nufi asibiti kafin ya nuna wani da yatsa. Har yau in Inna za ta ɗauki Bobo, sai ta buɗe tafukanta ta tallafe shi a hankali, ta waiwayi surukarta ta ce, "'Yar nan, haka ne ko?"