Furar Yaya Kuluwa

Da hantsi Mai-Raino, na'urar jinya, ta miƙa siririn hannunta na ƙarfe cikin rumbun ƙanƙara, ta zaro wata 'yar jaka ja, ta ɗumama ta, ta maƙala a bututun da ke shiga ƙirjin Sabi'u. Yaya Kuluwa na tsaye bayan gilashi tana kallo, bakin nan a taɓe.

Abin da ke cikin jakar nasa ne. A Sabuwar Gusau ta shekarar 2094, mai sankarar jini irin tasa ba ya neman ɓargon kowa. Ana tace ƙwayoyin tushe daga jininsa a daskarar, a ba shi magani mai ƙarfi ya ƙone ɓargon da cutar gaba ɗaya, sannan a mayar masa da ajiyarsa ta tsiro sabuwa. Sai dai kafin ta tsiro akwai wajen mako biyu da jiki ba shi da garkuwa, ko mura na iya kayar da mutum. Don haka ake killace shi, na'ura ta yi jinya.

Nan ne Kuluwa ta kasa haɗiyewa. Ita ta goya Sabi'u bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi jinyar ƙyandarsa. Da jin labarin cutar ta zo ta naɗe hannun riga, a ɗebi ɓargonta ko duka ne. Dakta Rumasa'u ta yi mata godiya, ta ce ba a buƙata. Ba a buƙata!

Kullum sai ta dama fura da nonon da ake kawo mata daga ruga, kullum ƙofar abinci ta kunna jar fitila ta turo mata kwanonta. A ciki kuwa Mai-Raino na goge masa baki, tana juya shi, har hirar ƙwallo suke yi. Rana ta shida Kuluwa ta ji shi ta lasifika yana dariya, yana cewa, "Sannu da aiki, Yaya." Ba da ita yake ba. Kishi ya turnuƙe ta, kishin ƙarfe kuwa, abin da ba ta iya faɗa wa kowa don kada a yi mata dariya.

Rana ta takwas likita ta tausaya mata, ta ba ta minti goma cikin rigar kariya, bisa sharaɗin kada komai ya shiga da ita. Kuluwa ta ce to. 'Yar gorar fura tana ɗaure a ɓoye a damtsenta. Ta jira Mai-Raino ta juya wajen canza ruwa, ta ciro.

"Yaya, an hana fa," in ji Sabi'u a hankali.

"Da wannan na raine ka. Yau ni ce zan cuce ka?"

Ba ya jin yunwa, bakinsa ma duk gyambo ne. Amma bai taɓa mayar mata da hannu ba tun yana yaro. Ya kurɓa sau uku.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Da Dakta Rumasa'u ta ga irin ƙwayar cutar da ke jininsa ta san daga nono ta fito. Sabi'u ya ce shi ya roƙa, kada a ga laifin kowa. Kwana huɗu Mai-Raino ba ta ɗaga daga kansa ba, Kuluwa kuma a karon farko tana roƙon Allah ya ba ƙarfen nan sa'a.

Rana ta goma sha uku allon gwajin jini ya nuna sababbin ƙwayoyi sun fara tsirowa. Dashe ya kama. Kafin azahar Sabi'u ya cika.

Likita ta daɗe zaune gaban allon. Sun ƙera na'urar da ta san kowace ƙwaya a jikin mutum, ba wanda ya tuna ya samar wa 'yar'uwarsa aikin yi.

Kuluwa na tattara kaya ƙofar abinci ta buɗe, fitilarta koriya. Gorar ce, an wanke ta tas.

"Ya bar saƙo," in ji Mai-Raino. "Ya ce a gaya wa Yaya furar ta yi daɗi."